Gadon Elite: wane wasan fataucin sararin samaniya za ka ba lokacinka?

In ka shiga neman wasan kwamfuta da za ka tuƙa kumbo, ka loda kaya a wata duniya ka je ka sauke a wata, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da sunaye huɗu: Elite Dangerous, X4: Foundations, EVE Online da No Man's Sky. A hotunan talla kamar an tsaga kara suke: baƙin sarari, taurari birjik, kumbo yana feso shuɗiyar wuta ta baya. Wanda ya zaɓa a kan hoto kuwa yana tare da da-na-sani, domin da zarar ka zauna gaban allo za ka tarar aikin da kowannensu yake ɗora maka daban ne. Ɗaya direba zai mai da kai, ɗaya manajan kamfani, ɗaya ɗan kasuwa a tsakiyar mutanen da ba sani ba sabo, ɗaya kuma ɗan yawon buɗe ido. Duk masu cin lokaci ne. A uku daga cikinsu, awa ɗari ba ta isa a ce mutum ya gama koyo ba.

Hanyar da ta fi sauƙi a gane bambancinsu ita ce a koma ga kakansu. A 1984 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wasa mai suna Elite a kan kwamfutar BBC Micro. Ƙwaƙwalwar wannan na'ura kilobayit 32 ce kacal, abin da ya rage wa wasan kuma bai wuce kimanin 22 ba. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau ɗari ko fiye. A cikin wannan ɗan tsukin suka cusa gungun taurari takwas, kowanne da duniyoyi 256, jimilla 2,048, kowace da sunanta, da irin gwamnatinta, da abin da take nomawa ko ƙerawa, da farashin kaya a kasuwarta. Dabararsu ita ce ba su ajiye ko duniya ɗaya a cikin wasan ba. 'Yan lambobi suka ajiye da wata ƙa'idar lissafi, duk sanda ka isa wuri sai kwamfutar ta lissafo shi nan take, kuma kullum amsa ɗaya take bayarwa. Kamfanin Thorn EMI da suka fara kai wa ya ƙi karɓa, wai ina rai uku da ake ba ɗan wasa, ina maki, kuma wa zai zauna kan wasan da ba a gamawa cikin 'yan mintuna? Acornsoft ne ya ɗauka.

Ba su ne suka fara ko ɗaya daga cikin ɓangarorin wasan biyu ba, wato ciniki da tuƙi. Tun 1974 akwai Star Trader, wasan saye da sayarwa tsakanin taurari, amma rubutu ne zalla. Ta fannin tuƙi kuma Bruce Artwick ya riga ya yi wasansa na kwaikwayon tuƙin jirgin sama, wanda Microsoft ta fitar da nata samfurin a 1982, ga kuma Star Raiders mai harbe-harbe daga kujerar matuƙi. Abin da Elite ya yi shi ne ya ɗaura wa kujerar matuƙi da littafin ciniki aure. Kana farawa a tashar Lave da kumbo samfurin Cobra Mk III da kiredit 100 na kuɗin wasan, da muƙamin da ke nufin ba ka da illa ga kowa. Ka sayi kayan gona a duniyar manoma, ka kai duniyar masana'antu, ka dawo da injuna da kwamfutoci. In ka ga ribar ta yi maka kaɗan, ga kayan haram nan, sai dai 'yan sanda za su sa maka ido. Ko ka zama ɗan fashi, ko mafaraucin 'yan fashi. Ba wanda zai ce maka ga inda za ka nufa. Wannan sakin mara shi ne ya fi yin tasiri a bayansa: Gary Penn, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Grand Theft Auto na farko, ya taɓa kwatanta nasu wasan da Elite da aka kawo cikin birni, su ma maƙeran EVE da na No Man's Sky ba su ɓoye inda suka sha nono ba.

To, dukiya uku kakan ya bari: hannu a kan tuƙi, kasuwa, da sararin da ba a ganin ƙarshensa. Magadan ba su raba daidai ba.

Elite Dangerous, wanda kamfanin Braben ɗin kansa, Frontier Developments, ya fitar a Disamba 2014 bayan ya tara sama da fam miliyan ɗaya da rabi a Kickstarter, shafin tara gudummawar jama'a, shi ya gaji tuƙi. In kana son sanin ko naka ne, dubi yadda ake shiga tasha. Ka iso da kaya a ciki, tashar tana gabanka, ƙatuwar curi mai juyawa a hankali. Sai ka matso ƙasa da kilomita 7.5 kafin ka nemi izini. A ba ka lambar wurin sauka da minti goma. Ƙofar kuwa 'yar siririyar tsaga ce kamar bakin akwatin wasiƙa, kuma tana juyawa tare da tashar, dole ka daidaita juyawar kumbonka da tata, ka bi gefen da ke da koren fitila, ka rage gudu, ga wani ƙaton jirgin dako yana fitowa ta cikin tsagar nan. Ka shige, ka nemo lambarka a cikin wannan kogo mai zagaye wanda sama da ƙasa duk ɗaya ne, ka sauke ƙafafun kumbo, ka lallaɓa ka dire. In ka tsaya kana inda-inda a bakin ƙofa, za a ci ka tara, in ka ƙi matsawa tashar ta buɗe maka wuta. Akwai na'urar da za ta yi maka saukar, tana kaɗa maka kiɗan Blue Danube, amma tana cin gurbi a cikin kumbo, kuma da yawa ba sa yarda da ita saboda jin daɗin yi da hannu. Wanda ya karanta wannan ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi, ya kusa samun amsa.

Komai na wasan haka yake. Wutar kumbo ana raba ta ne tsakanin garkuwa da inji da makamai, kana cikin faɗa kana jujjuya ta da yatsa. Mai kuwa ana iya kwasarsa daga jikin tauraro, amma ba kowane tauraro ba, kuma in ka matsa da yawa zafi ya fara cin na'urorinka. Sautin wasan ma abin a yaba ne, in ka sa abin sauraro a kunne za ka ji ƙarfen kumbo yana kuka sanda kake juyi. Filin wasan kuma shi ne gungun taurarinmu na Milky Way da girmansa na gaskiya, taurari kimanin biliyan 400, waɗanda aka sani an sa su a inda masana suka auna su, sauran kuma an lissafo su da irin dabarar 1984. Shekara goma da wani abu ana yawo a ciki, abin da 'yan wasa suka taka bai ko kusanci kashi ɗaya cikin ɗari ba. Baƙin ramin da ke tsakiyar gungun, Sagittarius A*, yana da nisan shekarar haske kusan 26,000, kuma kana iya zuwa ka gan shi in kana da haƙurin tsalle ɗaruruwa daga tauraro zuwa tauraro. A 2019 mutum fiye da 10,000 suka yi rajistar ayari guda, Distant Worlds 2, zuwa Beagle Point da ke can ɗaya gefen, nisan shekarar haske sama da 65,000.

Mutanen wannan wasa suna da nasu halin. Akwai wata ƙungiyar sa-kai, Fuel Rats, da ta faro a 2015, aikinta kawai kai mai ga wanda nasa ya ƙare a dokar sarari, kyauta. In iskar numfashinka ta fara ƙarewa za su ce ka fita daga wasan tukuna don agogo ya tsaya, sai sun iso kusa su ce ka dawo. Akwai kuma tsokanar da tsofaffin hannu suke yi wa baƙi, cewa ana raba ƙaton kumbo samfurin Anaconda kyauta a tashar Hutton Orbital. Tashar tana nan a Alpha Centauri, amma da tuƙin da aka saba tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce kana kallon baƙin allo, ka isa ka tarar ba kumbo ba dalilinsa, sai wani kofin shayi da ake sayarwa na tunawa.

Inda Elite Dangerous ya gaza shi ne, abin mamaki, kasuwar. Farashi yana hawa yana sauka, amma kayan da ke tasha wasan ne yake sake cika su, ba wani ne ya ƙera ba. Ciniki a nan shi ne ka samo tashoshi biyu da ke da tazarar farashi mai kyau, yawanci ta hanyar duba shafukan da 'yan wasa suka gina irin su Inara, ka yi ta kai-komo da tan 700 da wani abu a cikin Type-9 har ka gaji. Dako ne, ba kasuwanci ba. Gyaran kumbo wajen injiniyoyi ma yana buƙatar tara tarkace iri-iri, aikin da ke maimaita kansa. Ka kuma san abu biyu kafin ka saya: ko kai kaɗai za ka yi wasa sai da intanet, sannan tun 2022 kamfanin ya daina kai sababbin abubuwa PlayStation da Xbox, don haka a kwamfuta ake yinsa yanzu. Ƙa'idar da kowa zai faɗa maka kuwa ita ce kada ka tashi ba ka da kuɗin inshora a aljihu. In aka fasa kumbonka, kashi 5 cikin ɗari na darajarsa za ka biya a mayar maka, in ba ka da shi kana iya komawa kan ɗan Sidewinder ɗin da ka fara da shi.

Wanda wannan gibin na kasuwa ya dame shi, X4: Foundations ne ya cike shi. Kamfanin Egosoft na Jamus yana wannan jerin wasanni tun 1999, X4 ya fito a ƙarshen 2018. Abin da ya bambanta shi da kowa: kusan duk kumbon da ka gani yana yawo, an gina shi ne a wata tasha da kayan da wani jirgi ya kawo, daga ma'adinin da wani jirgin ya haƙo. Ɗauki misalin sassan gangar jirgi. Ana yin su da tataccen ƙarfe da girafin da batiran makamashi. Ƙarfen daga dutsen da aka haƙo yake, girafin daga iskar methane. In 'yan Xenon, wato injunan da suka yi wa mutane tawaye, suka tare hanyar da masu dakon iskar suke bi, bayan ɗan lokaci sai ka je sayen kumbo a ce maka babu sassa, ka jira. Ƙasar da ke wurin ta kasa maye gurbin jiragen yaƙinta, iyakarta ta fara ja da baya. A nan ne ɗan kasuwa yake murmushi, don ƙarancin nan shi ne ribarsa.

Farkon wasan kana tuƙa ɗan kumbonka, kana ƙananan aikace-aikace. Da kuɗi suka ɗan taru sai ka sayi jirgin haƙar ma'adinai, ka ɗauki matuƙi, ka ce ya je ya yi ta haƙa yana sayarwa. Ka ƙara na biyu, na biyar. Ka gina masana'anta, ka ɗora mata manaja, ka haɗa ta da wata. Wata rana sai ka farga ka yi awa uku ba ka taɓa sandar tuƙi ba, kana kan taswira kana raba umarni, kumbonka ma wani ne yake ja maka. A ƙarshe kana iya mallakar wurin ƙera jirage, kana sayar wa ɓangarori biyu da ke yaƙi da juna. Wasu a nan suke kamuwa har su manta barci. Wasu kuma a nan suke ajiye shi, su ce su tuƙi suka zo yi, ba aikin ofis ba.

Sai dai X4 ba ya lallashin baƙo. Shafukan umarninsa a cunkushe suke, koyarwar ba ta isa ba, matuƙan da ka ɗauka kuma wani lokaci sukan yi abin da zai sa ka dafe kai. Sararinsa ƙarami ne in an gwada da na Elite, yankuna ne da aka haɗa da ƙofofi da manyan hanyoyi, kuma ba a sauka a kan duniyoyi, sai dai a hange su. Tun da kwamfutarka ce take lissafa dubban jirage a lokaci guda, furosesa mai ƙarfi ya fi muhimmanci a nan fiye da katin hoto, kuma wasan yakan ƙara nauyi yayin da daularka take girma. Ladarsa ita ce kai kaɗai ne a ciki: ba ya neman intanet bayan ka sauke shi, kana iya tsayar da shi in an kira ka, kana iya ajiyewa ka koma baya in ka tafka asara.

Wannan komawa baya ita ce babu a EVE Online, kuma rashinta shi ne wasan gaba ɗaya. Kamfanin CCP na birnin Reykjavik a ƙasar Aisland ya buɗe shi a Mayun 2003, kuma har yau kusan duk 'yan wasan duniya, ban da na Sin, a saba guda suke, wato duniyar wasa guda, kasuwa guda. Tuƙi a nan ba na hannu ba ne. Danna wuri kake ka ce wa kumbo ya je, ya zagaya wancan a tazarar kilomita kaza, ya kunna makami kaza. Mai neman jin iska a fuska ya wuce kawai. Amma kasuwar ta mutane ce: yawancin jirage da makamai da harsasai wani ɗan wasa ne ya haƙo, wani ya ƙera, wani ya yi dako, wani ya sa farashi. A Jita, babbar cibiyar ciniki, akwai waɗanda sukan yi watanni ba su fito daga tasha ba, suna saye a ƙasa suna sayarwa a sama. Abin ya kai a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki na gaske, Eyjólfur Guðmundsson, don sa ido a kan hauhawar farashi, kuma yana fitar da rahoton tattalin arziki kowane wata. An daɗe ana yi wa wasan ba'a cewa Excel ne aka sa wa taurari, sai ga shi a 2023 an fitar da manhajar da ke haɗa shi da Excel a hukumance.

Ga yadda haɗarin yake. Ka cika jirgin dako da kaya masu tsada, kana bin yankin da ake kira mai tsaro, kana ganin ba abin da zai same ka tun da ga 'yan sandan CONCORD. To su hukunci suke yi, ba kariya ba. A bakin wata ƙofa wasu suna zaune suna leƙa cikin kowane jirgi da na'ura. Lissafi suke: in kayanka sun fi darajar ƙananan jiragen da 'yan sanda za su fasa musu, sai su taru su yi maka rubdugu cikin 'yan daƙiƙu, abokinsu ya zo ya kwashe abin da ya zube. Ba su karya dokar wasa ba. Damfara ma, muddin da kayan cikin wasa aka yi ta, ba a hana ba, kuma an sha samun wanda ya yi shekara yana cin amanar ƙungiya daga ciki kafin ya yashe asusunta. Babban yaƙin B-R5RB na Janairun 2014 ya tashi ne saboda wata ƙungiya ba ta biya kuɗin riƙe yankinta a kan lokaci ba. An kwashe kimanin awa 21 ana gwabzawa, aka fasa manyan jiragen Titan 75, asarar da aka ƙiyasta da kusan dala 300,000. Wannan adadi an samo shi ne ta hanyar auna kuɗin wasan da farashin PLEX, wata haja ta cikin wasan da ake saye da kuɗin gaske, ba wai an zare wa kowa daloli daga banki ba, amma watannin aikin da suka ƙone na gaske ne.

Ina ganin EVE ya fi sauran zurfi nesa ba kusa ba, kuma shi ne zan fi jinkirin ba wa mutum shawarar ya shiga. Ƙwarewar ɗan wasanka da agogon gaske take ƙaruwa, ko kana ciki ko ba ka ciki, wasu darussan sai sun ci makonni. Daɗinsa yana cikin ƙungiya, ƙungiya kuma tana da lokacin fita da ba lallai ya dace da naka ba. In intanet ɗinka ta yanke a tsakiyar faɗa, sai dai wani jirgin. Alherinsa shi ne tun 2016 ana iya shiga kyauta da iyakantattun jirage, kuma ba ya neman kwamfuta mai tsada, don haka gwaji ba zai ci maka komai ba sai lokaci.

No Man's Sky shi ya ɗauki gado na uku, faɗin sarari, ya kai shi inda hankali ba ya kamawa: duniyoyi 18 da sifili 18 a bayansu. Ƙaramin kamfanin Hello Games na Guildford ya fitar da shi a Agustan 2016, aka yi masa ca saboda abubuwa da dama da jama'a suka sa rai ba su gani ba, musamman haɗuwa da sauran 'yan wasa. Maimakon su watsar, sai suka yi shiru suka duƙufa, shekara bayan shekara suna ƙara abubuwa ba tare da karɓar ko sisi ba, har wasan ya zama wani abu daban. Kana farkawa a wata duniya mai dafi ko sanyi, kumbonka a lalace, garkuwar jikinka tana raguwa, kana neman sodiyam da iskar shaƙa da ƙarfen gyara. Ka tashi daga ƙasa ka keta gajimare ka shiga sarari ba tare da allo ya yanke ba. Ka raɗa wa dabbar da ka gano suna, ka gina gida a bakin wani jan teku. Tuƙinsa mai sauƙi ne, da wuya ma ka yi karo da ƙasa. Ciniki akwai, amma ado ne. Bayan duniya ta hamsin za ka fara gane tubalan da ake jujjuyawa. Duk da haka shi kaɗai ne a cikin huɗun da za ka buɗe na minti ashirin ka rufe ka ji ka yi wani abu, yana nan a PlayStation da Xbox da Switch da kwamfuta, yana aiki ba intanet, kuma kana iya rage wahalarsa yadda kake so.

Za a ce ina Star Citizen? Chris Roberts, wanda ya yi Wing Commander a 1990 kuma ya faro Freelancer da ya fito a 2003, shi ya sanar da shi a 2012. Kuɗin da magoya baya suka zuba ya haura dala miliyan 700 tun 2024, wasan kuma yana matakin gwaji, da kyan gani da tuntuɓe tare, ga neman kwamfuta mai ƙarfin gaske. Lokaci-lokaci sukan buɗe shi kyauta na 'yan kwanaki. Ka jira irin wannan lokacin ka leƙa, amma kada ya zama wasanka na farko.

Akwai kuma wanda in ya bincika zuciyarsa zai ga ba ruwansa da ciniki, tuƙin ne kawai yake so, kuma na gaskiya. Wannan ya sani cewa yawancin wasannin nan ha'inci suke yi a kimiyya: suna sa wa kumbo iyakar gudu, yana karkata kamar jirgin yaƙin duniya na biyu, alhali a sarari babu iskar da za ta riƙe shi. Braben ya gwada bin dokokin motsi na gaskiya a Frontier: Elite II na 1993, faɗa ya koma jirage biyu suna wuce juna da mugun gudu suna juyowa. Mai son gaskiyar lamarin ya nemi Kerbal Space Program, inda zai koyi cewa in yana son cim ma tashar da ke gabansa a falaki, rage gudu zai yi ya sauko ƙasa kaɗan, don ƙaramin zagaye ya fi saurin kammaluwa. Mai son jirgin sama na duniyarmu kuma yana da Microsoft Flight Simulator, wanda tun samfurin 2020 yake zana doron ƙasa daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai dai yana shan data ba kaɗan ba, ko X-Plane, wanda ke lissafa yadda iska take bugun kowane yanki na fiffike.

Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. In intanet ɗinka ba ta da tabbas, zance ya ƙare a kan X4 da No Man's Sky, sannan ƙarfin kwamfutarka ya raba gardama tsakaninsu. In lokacinka guntu-guntu ne, rabin awa yau, babu gobe, No Man's Sky. In kana daga cikin masu jin daɗin ganin tsari yana tafiya da kansa bayan sun kafa shi, X4, amma ka ba shi awa ashirin kafin ka yanke masa hukunci. In abin da ke motsa ka shi ne ka yi wa ɗan'adam ɗan'uwanka wayo a ciniki, kuma za ka iya yin asarar aikin mako ka kwana lafiya, EVE, kuma ka shiga ƙungiyar da ke koyar da sababbi tun makon farko. Ni da za a ce in riƙe ɗaya, Elite Dangerous zan riƙe, duk da ramar kasuwarsa, saboda har yanzu ban gaji da shiga tsagar nan da hannuna ba.

Kada ka yi gaggawar sayen sandar tuƙi mai tsada. Linzami da kibod, ko abin riƙewa na Xbox, sun isa makonnin farko. Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, yana mayar da kuɗi in ba ka wuce awa biyu kana wasa ba cikin kwana 14 da saye, wanda ya isa ka gane ko kwamfutarka za ta ɗauka, ko da bai isa ka gane wasan ba. Kafin ma ka kashe ko kwabo, akwai biyu na kyauta da kusan kowace tsohuwar kwamfuta za ta ja. Endless Sky zai fara da kai da bashin banki a wuya da ɗan ƙaramin jirgi, ka ga ko lissafin riba da biyan bashi yana yi maka daɗi. Oolite kuma, wanda Giles Williams ya fitar a 2004, Elite na asali ne aka sake ginawa: tashar Lave, Cobra Mk III, kiredit 100, ba na'urar sauka. Ka fita, ka juyo, ka gwada shiga tsagar sau biyar, ka ƙirga sau nawa ka fashe, ka kuma lura ko bayan na biyar hannunka ya koma kan madannin sake farawa.